Zaɓar Abin Sha na Liyafar Biki: Daga Ruwan Sanyi Zuwa Kwalbar Inabi

Idan dangi suka zauna rabon aikin biki, hankalin kowa yana kan abinci da anko da wurin taro. Abin sha sai a ture shi ƙarshe, a ce ai wannan ba wani abu ba ne, ana gobe sai a tura yara kasuwar Singa su ɗauko. Ni kuwa tun bikin ƙanwata aka maƙala mini wannan aikin a gidanmu, har yau ban samu na sauke shi ba. Abin da na lura da shi shi ne, baƙo yana yafe shinkafar da gishiri bai ji ba, amma ba ya manta ranar da yaji ya kama shi ya nemi ruwa aka ce ya ƙare. Saboda haka idan an ɗora miki wannan nauyi, ga yadda nake bi, daki-daki.

Mataki na farko: san mutanenki da lokacinki

Kafin ki tambayi farashin komai, zauna da takarda ki raba bikin gida-gida. Kamu daban, yini daban, ɗaurin aure daban, walima daban, dina daban. Masu zuwa walimar da malama za ta yi wa'azi bayan la'asar ba su ne masu zuwa dina ƙarfe tara na dare ba, kuma abin da za su sha ba ɗaya ba ne. Wurin ɗaurin aure, inda maza ke tsaitsaye a ƙofar masallaci, ruwa da lemon roba sun wadatar, don ba mai zama. Yinin mata kuwa tun hantsi ake fara shigowa har magariba, da goyo da 'yan rakiya.

Kada ki yi lissafi da yawan katin da aka buga. Bikinmu bai san kati ba. Wadda aka gayyata za ta zo da ƙanwarta da 'yar maƙwabciyarta, ga 'yan gayyar soɗi. Ni idan an buga kati 300 na taron da ba mai tsaron ƙofa, mutum 450 nake yi wa tanadi. Idan dina ce a ɗakin taro mai kujeru ƙidayayyu, to kujerun su ne lissafinki, sai ki ƙara masu kiɗa da masu hoto da direbobi da masu gadi, waɗanda kullum ake mantawa da su alhali su ma maƙogwaro gare su.

Sai lokacin shekara. Bikin da ya faɗo a Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ruwan da za a sha ya kusa ninka na bikin Disamba. A hunturu kuwa za ki ga lemo ya yi kwantai a kula, mutane suna raba ido ko akwai shayi. Bikin sanyi da daddare, ɗauki mai shayi guda ya kafa teburinsa a gefe, da citta da kanumfari da na'a-na'a, ki ga yadda dattawa za su yi masa layi.

Mataki na biyu: ruwa da ƙanƙara kafin komai

Kuɗin ruwa shi ake fara cirewa, sauran abin da ya rage a raba wa lemo. Ga taron awa uku zuwa huɗu ina sa wa kowane mutum robar ruwa ɗaya da rabi mai santilita 75. Mutum 400 ke nan roba 600, wato ƙunshi 50 idan kowane ƙunshi yana da 12. A bazara ina mayar da shi roba biyu. Ruwan leda kuma, wanda jakarsa ke da guda 20, a saya na tsakar gida da masu girki da yara. Ba laifi ba ne, sai dai a ɗanɗana tukuna, don wani yana warin leda idan ya daɗe a rana.

Ƙanƙara ita ce inda mutane suka fi faɗuwa. Kada ki dogara da firjin gida, wuta ba ta san ana biki ba. Je wurin masu ƙanƙara mako guda kafin ranar, ki ba da kafin alƙalami, ki faɗi ƙarfe nawa za a zo ɗauka. A makonnin da biki ya yi yawa, kamar ƙarshen shekara da watan Sha'aban da kowa ke son a kai amarya kafin azumi, ƙanƙara tana yanke wa a gari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake jera kaya a durom ma ilimi ne. Ba ɗora ƙanƙara ake yi a saman kwalabe kawai ba. A jera kwalabe, a farfasa ƙanƙara a tsakaninsu, a zuba ruwa ya kai wuyan kwalba, a watsa gishiri ɗan kaɗan, a rufe da buhu. Ruwan ne ke kai sanyi ko'ina a jikin kwalba, kuma cikin minti talatin zuwa arba'in an gama. Ƙanƙarar durom kuma daban, wadda za a jefa a cikin abin sha daban. Ta biyun dole ki san da wane ruwa aka yi ta.

Mataki na uku: na gida, kuma a dube shi da abincin

Na ga bukukuwan da aka kashe maƙudan kuɗi kan lemon waje, amma zoɓon da wata gwaggo ta haɗa shi aka fara cinyewa. Abin sha na gida ya fi arha, ya fi dacewa da cimarmu, sai dai yana son kulawa.

Zoɓo ɗan tsaminsa yana yanke maiƙo, shi ya sa yake tafiya da dafa-duka da soyayyar kaza da tsire. A dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari, a tace sau biyu, a bar shi ya huce sarai kafin a ɗura. Lemon citta da lamurje suna zama daidai bayan waina da miyar taushe ko sinasir, amma idan akwai farfesu mai yaji a teburin, a sassauta cittar, kada yaji ya haɗu da yaji baƙo ya rasa inda zai sa kansa. Kunun aya da dabino da kwakwa abu ne mai nauyi, ya fi kyau a wurin kamu ko walima inda cincin da dubulan da alkaki kawai za a ci. Fura da nono kuwa ita kanta abinci ce, a ajiye ta don baƙin da suka kwana.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan za a ɗura a roba mai santilita 35, mutum 400 suna buƙatar lita 140, jarka shida ke nan masu lita 25, har da ɗan ragowa. Daga ciki a ware jarka guda marar sukari ko mai ɗan kaɗan, a yi wa robobinta alama da murfi mai wani launi, don a kowane dangi akwai masu ciwon sukari, kuma yawanci kunya ba ta barin su tambaya. Masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini a tanadar musu wani abu ban da zoɓo, saboda yana sauke hawan jini. Idan kuma ba da kwangila za ki yi, faɗa wa mai yin ƙarara cewa sukari kike so, ba sinadarin zaƙin nan da ke barin ɗaci a bayan harshe ba.

Kunun aya shi ya taɓa kunyata ni. A bikin ƙanwar tawa mun markaɗa aya tun daren Juma'a don mu rage aikin Asabar, muka cika robobi ɗari biyu muka jera a firji, aka ɗauke wuta cikin dare ba wanda ya farka. Da hantsi na ɗauki roba guda, na ji ta yi tauri kamar ƙwallo, gindinta ya turo waje har ba ta iya tsayuwa. Ina murɗa murfin ta yi tsaki, kumfa ta biyo hannuna, wani tsami-tsami ya bugi hancina. Haka muka tuttular da shi duka a kwata, Inna tana tsaye tana salati. Tun daga ranar, kunun aya da asubar ranar biki ake yin sa, daga tacewa sai cikin ƙanƙara, kuma shi ake fara rabawa.

Ki riƙe wannan labarin robar da ta kumbura, don shi ne mabuɗin mataki na gaba.

Mataki na huɗu: kwalbar inabin da ake jerawa a tebur

Yanzu dina ba ta cika sai an dasa doguwar kwalba mai wuyan zinare a tsakiyar kowane tebur, a zo yanka kek a buɗe ta ta yi ƙara a yi tafi. Mutane suna kiranta wayin, wasu su ce shamfen. A nan ne ake buƙatar buɗe ido, domin kwalabe uku ne masu kama ɗaya a kan kanta, abin da ke cikinsu kuwa ya sha bamban.

Abin da ya faru da kunun ayata shi ne ainihin yadda ake yin giyar inabi. Ƙwayoyin yis suna cin sukarin da ke cikin ruwan 'ya'yan itace, su mayar da shi barasa da iska. Iskar ce ta kumbura robar. Idan aka bar ruwan inabi ya bi wannan hanya har ƙarshe, shi ne kwalba ta farko, giya sosai, wadda yawanci barasarta ke tsakanin kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari. Shamfen na asali yana cikin wannan rukuni, sunan wani yanki ne a arewa maso gabashin Faransa inda ake yin sa. Wannan ba ta da wuri a teburinmu, magana ta ƙare.

Kwalba ta biyu ita ce mai rikitarwa. Giya ce aka yi ta har ta kammala, daga baya aka cire barasar da na'ura, ko ta hanyar dumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta tace ta da matsi. Ba kasafai take fita tas ba. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira ta wadda aka cire wa barasa muddin abin da ya saura bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Malamai sun yi saɓani a kanta: wasu suna duban cewa ko an sha da yawa ba ta bugarwa, wasu suna duban asalinta, cewa sai da aka yi giya tukuna. Wanda yake son hukunci ya tambayi malaminsa. Ni dai a matsayina na mai shayar da mutum ɗari huɗu da ban san ra'ayin kowannensu ba, ba na sayenta. Ba zan sa baƙo ya sha abin da da ya sani zai ƙi ba.

Kwalba ta uku ruwan inabi ne zalla wanda bai taɓa tsimuwa ba. An matse shi, an dafa shi don a kashe yis ɗin, sannan aka ɗura masa iska irin ta lemon kwalba don ya yi kumfa. Dabarar dafawar ma tsohuwa ce: wani likitan haƙori a Amurka mai suna Thomas Welch ne ya fara ta a 1869, don cocinsu ta samu ruwan inabin da ba ya sa maye, kuma har yau ana sayar da lemo da sunansa. Irin su Eva da Pure Heaven da Chamdor da ake gani a shagunanmu a matsayin lemon inabi marar barasa ake sayar da su. Wannan rukunin nake nema.

To yaya za ki bambance? Kada ki tsaya a gaban kwalba inda aka yi ado, juya bayanta. Nemi inda aka rubuta lamba da alamar kashi cikin ɗari. Idan kin ga 11 ko 12 ko 13, ajiye. Idan kin ga 0.5, ko kalmar "dealcoholised", rukuni na biyu ce. Sannan karanta jerin kayan haɗi: abin da kike so ki gani shi ne ruwan inabi, ruwa, sukari, iskar lemo. Kada sunan kamfani ya ruɗe ki, domin akwai kamfanonin da ke yin mai barasa da marar barasa a kwalba kusan iri ɗaya, bambancin launin takarda ne kawai. Kuma kada ki ce yaron shago ya tabbatar miki. Shi ciniki yake so, sau da yawa ma bai taɓa karantawa ba.

Sai batun jabu. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki shafa takardar ki ji ko a karkace aka manna ta, ki duba murfin ko an taɓa shi. A Disambar 2023 hukumar ta kai samame wata kasuwa a Aba ta tarar da shaguna birjik ana ɗura lemo da giya na jabu a tsofaffin kwalabe. Irin wannan kaya ba a Aba yake tsayawa ba. Idan kwali ya yi arhar da ta ba ki mamaki, bar shi.

Ja ko fari? Jan ya fi nauyi a baki, yana tafiya da naman sa da na rago. Farin da na tuffa sun fi sauƙi, sun dace da kaza da kifi da kek. Amma abin da ya fi damuna da jan ba ɗanɗano ba ne, tabo ne. Kwalba mai iska, a hannun abokin ango da ke son burgewa, kusa da farar rigar amarya da farar shaddar ango: kin san ƙarshen labarin. Teburin amarya fari nake sa wa, ja ya tafi sauran tebura.

Yawan da za ki saya: kwalba tana da santilita 75, tana cika kofi biyar madaidaita. Tebur mai mutum goma kwalba biyu ke nan. Tebur 40 kwalba 80, kwali bakwai masu 12 sun isa har huɗu su ragu na babban tebur. Kada ki wuce haka. Abin yana da zaƙi ƙwarai, da wuya mutum ya ƙara kofi na biyu, kuma rabin kwalaben ma a jaka za su bar wurin.

Mataki na biyar: cafman da maltina da abin da ɗakin taro zai kawo

Cafman ya shiga bukukuwanmu sosai, jan nan mai yankan kokwamba da lemon tsami a babban kofi. Kowa yana ɗaukarsa marar barasa, kuma kusan duk kayan haɗinsa haka suke: Fanta, Sprite, jan sirof. Sai dai a haɗinsa na asali ana ɗiga wani magani mai ɗaci, Angostura, 'yar ƙaramar kwalba mai takardar da ta fi ta girma, wadda ake yi a Tirinidad. Barasar da ke cikinta kashi 44.7 ce cikin ɗari. Ɗigo kaɗan ake sawa, amma ana sawa. Na taɓa leƙawa bayan kanta a wani ɗakin taro ana saura awa guda a fara dina, na tarar da ita a gefen bokitin haɗi. Mai haɗin bai ma san akwai abin magana ba, haka aka koya masa. Na ce ya ɗauke ta, ya ƙara lemon tsami da ɗan ɓawon lemon zaƙi, ba wanda ya ji bambanci.

Lemon malt irin su Maltina da Amstel Malta da Malta Guinness ba su da barasa, amma kamfanonin giya ne ke yin su, kuma akwai mutanen da saboda haka ba sa sha. Ba sai an yi musu da kowa ba, a haɗa da wani lemon a kula, kowa ya ɗauki abin da ransa ya kwanta da shi.

Idan a otal za a yi, musamman a Abuja ko Legas, karanta takardar yarjejeniya layi-layi. Wani lokaci kuɗin da kika biya ya haɗa da kwalba a kowane tebur, su kuma abin da suka saba kawowa shi za su kawo. A rubuta a takarda cewa ba barasa ko ta ɗigo, a rubuta sunan lemon da aka amince da shi. Ki tambaya kuma ko suna cajin kuɗin buɗe kwalba idan kin kawo naki daga waje, don wasu suna yi, kuma sai an gama biki suke faɗa.

Mataki na shida: ɗanɗana, sannan ki saya

Saura mako uku, sayo kwalba ɗai-ɗai na iri uku ko huɗu, ki sanyaya, ki kira amarya da uwar biki da mutum guda daga dangin ango. A ci da irin abincin da za a yi ranar. Abin da aka zaɓa shi za a saya a sari, a wuri guda, a karɓi rasit, a kuma yi magana da mai shago tun farko ko zai karɓi kwalin da ba a buɗe ba. A ajiye kayan a ɗaki mai inuwa, a kulle, makulli a hannun mutum ɗaya. Gidan biki hannu ya yi yawa.

Mataki na bakwai: ranar

Kada a fito da komai gaba ɗaya. Raba kayan kashi uku: na farkon zuwa, na lokacin abinci, da na ajiya wanda ba mai taɓawa sai da izininki. Dangin ango sukan iso a makare, a motoci, su da yawa, kuma ba abin kunya kamar su zauna a ce sai dai ruwa. Nasu a ware shi tun safe a rubuta a jikin kular.

Ruwa ya riga kowa zama a tebur. Lemo da zoɓo su biyo abinci. Kwalbar inabi kuwa ta zauna a ƙanƙara sai an kusa yanka kek, don idan aka jera ta tun farko za ta ɗumame, kuma da ɗumi zaƙinta yana hawa kai, kumfarta ta yi ta ambaliya. Kada kuma a sa ta a firjin daskarewa a manta, kwalbar tana fashewa.

Koya wa masu rabo yadda ake buɗe ta tun kafin baƙi su zo. Ba a girgizawa. A cire takardar wuya, a ɗora babban yatsa a kan toshiyar kafin a kwance wayar da ta ɗaure ta, a karkata kwalbar, bakinta yana kallon inda ba mutum ba fitila. A riƙe toshiyar gam da tawul, a juya kwalbar kanta a hankali har ta saki da ɗan huci. Toshiyar da ta kuɓuce tana iya fasa ido, kuma yara ne kullum a gaba suna kallo. Wajen zubawa a karkata kofin, a zuba rabi, a jira kumfa ta kwanta, a ƙarasa.

Ki sa yaro biyu aikinsu kawai kwashe kwalaben da aka shanye, musamman na lemon kwalba da za a mayar wa dila, don duk wadda ta ɓata ke za ki biya. Abin da ya ragu na zoɓo da kunu a raba wa maƙwabta da masu aiki a daren, kada a ce za a ajiye wa buɗar kai. Kwalayen da ba a buɗe ba kuwa a ƙirga su a gaban mai makulli, a ware biyu a sa a motar kai amarya, don gobe da safe baƙi za su fara sallama a ɗakinta.